Ranar da Inna ta faɗi sunana

Ni ne ɗan fari a ɗakinmu, kuma duk wanda ya tashi a Adar ya san abin da ke tsakanin uwa da ɗan fari. Inna ba ta kiran sunana. In da ni take magana sai ta ce "kai", in kuma da wani take maganata sai ta ce "wanga yaro". Ko baƙo mai suna irin nawa ya shigo gida, sai ta nemo masa laƙabi. Tun da aka yaye ni kakata ta ɗauke ni, a ɗakinta na yi wayo. In zazzaɓi ya kama ni Inna ba ta zuwa ta taɓa goshina, sai dai ta aiko ƙanwata da kunu, ita kuma ta tsaya bakin ƙofa tana faɗa da kaji. Ban taɓa jin haushin haka ba, don abin da na ga ana yi ke nan a kowane gida na unguwarmu a Tawa. Amma har na kai shekara 29 ban san nauyina a zuciyar matar nan ba.

A 2011 na dawo daga Libiya cikin ayarin da yaƙi ya koro, bayan na yi shekara huɗu ina aikin gini a Sabaha. Muka biyo manyan motoci ta Dirku zuwa Agadas, mutum bisa mutum, kowa rungume da abin da ya tsira da shi. Shekarar nan Tawa ta cika da maza marasa abin yi, don ƴan Kodebuwa ma rikicin zaɓe ya koro da yawansu, ga damina ba ta yi kyau ba. Abin da na tsira da shi ya sayi moto ɗaya, ja, na hannu, na shiga kabu-kabu. To kowa dabarar da ta zo masa ke nan, har masu moto suka nemi fin fasinja yawa. Shi ya sa na koma wani gari mai babbar kasuwa a kudancin jihar, na kama ɗaki, ina leƙo gida duk mako biyu in ga matata da ɗiyarmu. Ba zan kira sunan garin ba. Mutanen kirki sun fi yawa a cikinsa.

Farkon daminar 2013, wani dare bayan lisha, na sauke fasinja a wani ƙauye ina kan hanyar komawa, sai ga mutum tsakiyar hanya yana ɗaga hannu biyu. Bafillace ne, ko takalmi babu a ƙafarsa. Maciji ya sari ɗansa a inda suka yada zango. Suna kan hanyar arewa ne da shanu, yadda suke yi duk shekara in an yi shuka, su ba manoma wuri. Yaron bai wuce shekara goma ba. Uban ya riga ya tsaga wurin da aska ya ɗaure ƙafar da rawaninsa. Muka sa shi a tsakiya, ni gaba uban baya, muka nufi gidan likita na wani ƙauye da ya fi kusa. Muna isa ruwa ya kece. Babu wuta a wurin, ni na riƙe wa malamin asibiti tocila yana aikinsa. Kwarin da ke kan hanya ya cika, dole na kwana kan benci. Da asuba uban ya ce ba shi da kuɗi a jikinsa, amma zai neme ni. Na ce ya bar shi. Ban tambayi sunansa ba, shi ma bai tambayi nawa ba.

Na shigo gari gari na wayewa, rigata duk jini da taɓo, na tsaya bakin famfo ina wanke moto. A daren nan ne aka fasa wani babban shago a kasuwa, aka kwashe wayoyin salula da kuɗi. Mai gadi ya ce ya ga jan moto. Wani ya ce ya ga baƙon nan ɗan Libiya yana wankin jini da sassafe. Kwana uku bayan haka aka zo ɗakina, aka ɗaga tabarma aka samu jikka 85 da nake tarawa don gyaran ɗakin matata, da sabuwar waya wadda ba ni da takardarta. Wa ke karɓar takarda in ya sayi waya a bakin tasha?

Daga baya na ji cewa doka ta ba masu bincike awa 48 su riƙe mutum, ana iya ƙara wasu 48. Ni dai na san na kwana huɗu, na faɗi labarin maciji har bakina ya gaji, aka ce in kawo Bafillacen. A ƙarshe aka miƙo mini takarda da Faransanci. Aji shida na tsaya a lakwal, abin da na iya karantawa a ciki sunana ne da na mahaifina. Na sa hannu. Washegari alƙali ya tura ni gidan kaso kafin a gama bincike.

Babanmu ya rasu tun ina Libiya, saboda haka Kawu ne ya zo da Inna da ƙanwata, bayan sun sha yawon neman takardar izinin ziyara. Kawu ya yi ta magana, faɗa da nasiha a haɗe. Inna tana gefe ta juya mini kafaɗa kamar kullum, tana kallon bango. Sai da lokaci ya kusa cika ta juyo, ta dube ni cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Ka yi?"

"Ban yi ba, Inna."

"To."

Ba ta sake yi mini wannan tambaya ba har yau. Kawu ya maimaita ta ya fi sau goma, matata ma ta yi ta cikin kuka, har ni kaina akwai daren da na tambayi kaina ko na yi wani abu ne na manta.

Kawu ya koma Tawa a ranar. Inna ta ce ita ba ta komawa. Akwai wata ƴar ƙanwar kakarmu da ke aure a garin, ta ba ta wani ɗan ɗaki da ake ajiye buhunan ƙaiƙayi. Ta aika aka sayar da tumakinta biyu, ta sayi kasko da wake da mai, ta kafa murhu a gindin wata bedi, ɗan nesa kaɗan da ƙofar gidan kaso. Matar da ko kasuwar unguwa sai ta aiki yara, ita ce ta zauna bakin hanya tana suyar ƙosai tun asuba. Ribar ba ta taka kara ta karya ba, amma tana isa a ɗora tukunya ɗaya da rana, kuma wannan tukunyar ita ce dalilin zaman.

Wanda bai shiga ba ba zai gane darajar kwanon gida ba. Abincin ciki yana hana mutuwa, iyakarsa ke nan. Da rana ta take za ka ji hayaniyar mata a waje, layin kwano ya kafu. Uwaye ne da matan aure da ƙanne, Hausawa da Fulani da Buzaye, wata ta zo a jaki daga ƙauye, wata da goyo. Maza kan zo makon farko, su zo na biyu, daga nan sai uzuri. Ban cire kaina ba, da wani ne a ciki ni a waje, ban san ko zan wuce wata guda ina zarya ba. Mu maza muna da saurin gajiya da abin kunya. Kuma yawancin matan nan ƴaƴansu ko gaban shari'a ba a kai su ba tukuna, jira kawai suke, wani wata shida, wani shekara.

Kwanon Inna langa ce fara mai shuɗin baki, duk ta ɓantale, tana ɗaure murfin da ƙyallen tsohon zanenta. Mai gadin ƙofa zai buɗe ya jujjuya tuwon da cokali ko an ɓoye wani abu, don haka kullum a dagule yake iso ni. A ɗakinmu akwai mutum biyar da ba mai kawo musu komai, muna ce musu marayu. Da Inna ta ji labarinsu ba ta ce uffan ba, washegari dai langar ta zo da ƴar'uwarta.

Ka'idar ƙofa ita ce, in kin miƙa kwano sai kin faɗi sunan mai shi. Mai gadi ya faɗa wa wani ɗan kaso da ke tsaye ciki, shi kuma ya ƙwala kira. Mako biyun farko ƙanwata ke faɗa. Sai noma ya taso, dole ta koma gida. Ranar da Inna ta fara zuwa ita kaɗai, Allah ya sa ina cikin masu sharar filin da ke bayan ƙofa, ina jin komai ta kafar ƙarfe.

"Na wa ne, Inna?"

"Na wanga yaro mai moto."

"Masu moto sun fi goma a ciki. Sunansa."

Shiru. Ta ɗauke kwanonta ta koma gefe. Daga baya matan suka ba ni labari, wai ta matsa kusa da wata don ta roƙe ta ta faɗa mata, sai ta tuna ita ma sai ta gaya mata sunan kafin ta faɗa. Ta tsaya nan cikin rana har layi ya ƙare. Mai gadi ya ce zai rufe. Sai na ji muryarta ƙasa-ƙasa. Ya ce bai ji ba, ta ɗaga murya. Ta faɗi sunana, ta haɗa da na mahaifina, shi ma sunan da ba ta taɓa furtawa ba tun da aka kai ta ɗakinsa. Wata tsohuwa a bayanta ta ce, "Yo ranar wanka ai ba a ɓoyon cibi."

Ni kuwa tsintsiya na hannuna, na kasa amsa kiran. Mai kira ya ƙwala sau uku yana kallona. Na sha jin sunan nan a bakin shugaban aiki a Sabaha, na ji shi a bakin alƙali, amma ranar ne na ji kamar yanzu aka raɗa mini shi. Daga ranar kullum sai ta faɗe shi, wata 28 ba fashi sai in ta yi tafiya.

Abin da ke faruwa a gida kuwa a gutsure yake iso ni, don sun haɗa baki suna ɓoye mini. Kawu ya haɗu da wani mai babbar riga da ke shawagi a bakin kotu, ya ce ya san kowa a ciki, a kawo jikka 150 magana ta mutu. Ƙanena da ke Abijan ya aiko, aka sayar da keken ɗinkin matata aka cika. Mutumin ya karɓa, wayarsa ta daina shiga. Ƙanwata an riga an kawo kuɗin gaisuwarta, sai dangin yaron suka aiko wai a dakata tukuna, kowa kuma ya san ma'anar wannan dakatawar. Surukina ya zo ya ɗauke ɗiyarsa, ya ce ba ya barin ta zaune ba mai ciyarwa. Ban ga laifinsa ba. Sai dai Inna ta san inda maganar za ta, don in aka ce miji ya kasa ci da sha, an buɗe ƙofar raba aure. Duk ƙarshen wata sai ta shiga motar kasuwa ta je Tawa da tiya goma ta hatsi da sabulu da ɗan kuɗin cefane, ta dire a zauren surukina ta ce, "Ga saƙon mijinta." Ni da ko dala ba ni da ita.

Bayan wata 11 aka kira shari'ata. Da Faransanci aka yi, tafinta yana juya mini abin da ya ga ya kamata in ji. Ba ni da lauya, kusan dukkansu a Yamai suke zaune, kuma kuɗin da za a kira ɗaya mai babbar riga ya tafi da su. Akwai hukumar taimakon marasa hali a shari'a, ANAJJ, wadda aka yi dokarta a ƙarshen 2011, amma mu ko sunanta ba mu taɓa ji ba a lokacin. Mai gadin shago ya dube ni ya ce kamar ni ne. Na sake faɗin maciji, wasu a bayan ɗaki suka yi dariya. Kafin a dafa shayi na farko a sha an gama. Shekara uku.

Nan ne muka saɓa da Inna, kuma saboda wannan saɓanin na zauna rubuta labarin nan.

Wanda aka yanke wa hukunci yana da kwana goma ya ɗaukaka ƙara, abin da muke ce wa apel. Tsofaffin ƴan kaso, waɗanda sun fi wani lauyan sanin kan abin, suka zaunar da ni suka yi mini lissafi. Watannin da na riga na yi ana cire su, saura 25. In bikin ƙasa ya matso, 3 ga Agusta ko 18 ga Disamba, kowa kunnensa na rediyo ko shugaban ƙasa zai yi afuwa ya rage wa mutane. Amma afuwa ba ta hawa kan wanda shari'arsa ba ta rufe ba. In ka yi apel ka fitar da kanka daga ciki. A lokacin kuma kotun ɗaukaka ƙara biyu ce a duk ƙasar, ta Yamai da ta Damagaram, takarda na iya daɗewa ba a kira ta ba. Ƙari a kan haka, in mai shigar da ƙara na gwamnati shi ma ya ɗaukaka, ana iya ƙara maka a kan ukun. Suka ce, ɗan Libiya, haɗiye ka yi shiru. Na ga gaskiyarsu. Kawu ma da aka gaya masa ya ce haka za a yi.

Rana ta tara Inna ta samu shiga. Na jera mata lissafin nan tiryan-tiryan. Ta saurara har na gama.

"Ahuwag ga, wa aka yi ma ita?"

"Wanda anka yanke ma hukunci, Inna."

"Wanda yay yi laihi ke nan."

"Haka dai sunanta yake."

"Kai kac ce mani ba ka yi ba."

"Ban yi ba."

"To mi za a yahe maka?"

Na rasa ta cewa. Ta gyara lulluɓinta ta ce, "Ɗiyarka na girma. Randa anka ce mata ɗiyar ɓarawo, ahuwa za ka nuna mata? Tashi ka tai ka sa hannu."

Ita ba ta san akwai wata takarda da ake nema in mutum zai shiga aikin gwamnati ko wata jarrabawa, wadda ke nuna ko an taɓa ɗaure shi, kuma afuwa ba ta goge abin da ke cikinta. Ta bakin zaure da bakin rijiya ta san abin. Na sa hannu a rana ta goma, raina a ɓace.

Akwai wani da aka yanke mana shekara uku a mako ɗaya, shi kuma da bakinsa ya ce mana ya yi. Bai yi apel ba. Da wani ragi ya zo ya shiga ciki, ya riga ni fita da wata biyar. Ranar da ya naɗe tabarmarsa yana sallama da mutane, wani abu ya tokare mini ƙirji. Da Inna ta zo ziyara na gaya mata maganar da har kabarina zan yi nadamarta. Na ce, "Ke kina waje kina shan iska, shi ya sa." Ba ta amsa ba. Kwana uku ina mayar da kwanonta ban buɗe ba, har marayun ɗakinmu suka shiga uku. Kullum kuma sai na ji ta a ƙofa tana faɗin sunana. A rana ta huɗu sarkin ɗakinmu, wani dattijo da ya shekara tara a ciki, ya kira ni ya ce tun da ya shigo ba wanda ya taɓa faɗin sunansa a ƙofar nan. Ya ce in ba na so, in ce mata ta riƙa faɗin nasa. Na buɗe kwanon.

Abin da ban sani ba, shan iskar da na ce tana yi, yawon neman Bafillace take. Tun bayan hukunci ta tatse ni da tambaya: wace ƙafa ce, shanun wane iri ne, uban yana da tsage ko babu. Abin da na iya tunawa kaɗan ne. Ƙafar hagu, jajayen shanu masu dogayen ƙaho, yaron yana da tukku. Da wannan ta fara, daga kan matan da ke sayar da nono kusa da murhunta. Ta san in ta ambaci kotu ba wanda zai buɗe baki, don makiyayi ba ya son abin da zai haɗa shi da hukuma. Sai ta riƙa cewa, mai moton da ya kai wani yaro likita cikin ruwa farkon daminar bara ɗanta ne, yana son ya ji ko yaron ya tashi.

Lokacin kuma sun sake haurawa arewa, wasu har Ingal wajen lasar gishiri, ba su gangarowa sai an kwashe amfanin gona an saki dabbobi. Duk da haka ba ta zauna ba. Ranar da ƙanwata ta zo ta karɓe ta a murhu, sai ta shiga motar ƴan kasuwa. Ta je kasuwar Lahadi ta Tawa, ta je Badagishiri, ta kai har Abalak, tana bin rumfunan masu nono da masu man shanu ɗaya bayan ɗaya. Sau biyu ana kai ta rugar da ba ita ba. Ɗaya yaron a hannu aka sare shi, ɗayan kuwa ya rasu, ta zauna ta yi musu gaisuwa ta dawo. Amma saƙon ya riga ya shiga bakin mata, yana tafiya daga rijiya zuwa rijiya.

Cikin sanyin farkon 2015, wata safiya tana tsame ƙosai, sai ga mutum tsaye a kanta da yaro mai ɗan ɗingishi, yana jaye da akuya. Ya ce an ce uwar mai moto na nan. Ya ce shekaran jiya da ya shigo garin ya nemi mai jan moto a tasha bai gan shi ba, ga akuyarsa. Inna ta nuna masa katangar da ke gabansu ta ce, "Shina ciki. Daren da yak kai ku, shi anka ce ya yi sata." Ƙanwata da ke wurin ta ce mutumin ya daɗe bai yi magana ba. Sannan ya tambaya, ina ne ake faɗa?

Daga nan abubuwa suka fara motsi, ko da yake motsin hawainiya. Wani ma'aikacin wata ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam, wanda ke sayen ƙosai wurinta, ya raka su ƙauyen nan. Malamin asibitin an canza masa wurin aiki, amma wanda ya gaje shi ya ciro tsohon rajista daga kwali. Ga ranar, ga sunan yaron, ga saran maciji, ga lokacin da aka kawo shi. Aka samu tsohon malamin ta waya, ya ce yana tune da mai moton da ya riƙe masa tocila ya kwana kan benci, ya rubuto shaida ya sa hannu. Aka jinginar da gonar da babanmu ya bari, ƙanena ya sake aikowa daga Abijan, aka ɗauki wani matashin lauya a Yamai.

Daga Tawa zuwa Yamai kusan kilomita 550 ne, ta Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso. Inna ba ta taɓa wuce Ƙonni ba a rayuwarta. Sau uku ta yi tafiyar nan, tana sauka wajen wasu ƴan Adar a Bukoki, sau biyu ana ɗage zaman. Na tambaye ta daga baya yadda ta ga babban birni da kogi da gada. Ta ce ita dai ta ga benci. Bafillacen ma ya zo a na ukun, da kuɗin motarsa, ya ƙi karɓar ko dala daga hannunmu. Ya tsaya gaban alƙalai uku, ya sa yaron ya ɗage wando ya nuna tabon aska.

A watan Oktoba na 2015 kotu ta wanke ni. In aka yi lissafi irin na tsofaffin ɗakinmu, wata takwas kacal apel ya rage mini daga shekara uku, kuma da na yi shiru wataƙila da na riga haka fita. Ba a kama wanda ya fasa shagon ba. Ba wanda ya ba ni haƙuri, jikka 85 ɗina ban sake ganinsu ba, moton kuma da aka miƙo mini shi sai a kilo na sayar. Gona sai da muka shekara uku kafin mu fanshe ta. Hayaƙin murhu ya ci idon Inna, yanzu in rana ta faɗi sai an riƙa mata hannu.

Takardar hukuncin tana wurinta, ta ƙi ba ni. Kwana biyu da dawowarmu Tawa ta ɗauke ta, ta kira wani malamin lakwal maƙwabcinmu, suka tafi zauren mutanen da suka ce a dakata da auren ƙanwata. Ta sa ya karanta da Faransanci daga farko har ƙarshe, sannan ya juya da Hausa, a gaban duk wanda ke zaune. Aka kawo mata ruwa ba ta sha ba. Ta linke takardarta ta sa a leda ta fito. Da suka aiko daga baya wai a tayar da magana, ta ce a gaishe su. Ƙanwata wani ta aura, ƴaƴansu uku yanzu. Matata kuwa surukina da kansa ya rako ta, har yana ce mini ban taɓa fashin aiko da hatsi ba, Allah ya yi albarka. Na dubi Inna, ta kau da kai.

A watan Maris na 2020, lokacin cutar korona, muna zaune tsakar gida rediyo ya ce shugaba Issoufou Mahamadou ya yi wa ƴan kaso 1,540 afuwa, tsofaffi da marasa lafiya da waɗanda ya rage musu ƙasa da wata tara. Na yi murna, don na san abin da kwana ɗaya yake a ciki. Inna ta ce Allah ya sa alheri, sannan ta shiga lissafo matan layin kwano, wance ko ɗanta na ciki, wance ko an yi wa nata shari'a. Tana tune da su duka, da ƙauyukansu.

Sunana kuwa, tun ranar da na fito ban sake jin sa a bakinta ba. Ranar da muka iso gida mutane sun cika tsakar gida ana barka, ita tana can bayan rumbu tana dama fura. Ta miƙa wa ƙanwata ƙwarya ta ce, "Kai ma wanga yaro." Kwanakin baya na zauna kusa da ita da dare, ɗiyata na matsa mata ƙafa, na ce cikin wasa, Inna, ni fa na ji ki ranar nan a ƙofa, ina bayan ƙarfe da tsintsiya. Ta yi kamar ba da ita nake ba. Can ta ce wa ɗiyata, "Ce ma ubanki shi tashi shi ɗaure akuyag ga, tana cin shanya."